Birtaniya: Ma'aikatan jinya da 'yancin yanke shawara

A shekarar 1865 ne aka buɗe asibitin sojoji na Herbert a Woolwich, kudu maso gabashin birnin London, wanda aka tsara ɗakunansa bisa shawarwarin Florence Nightingale. Matsayin Nightingale shi ne, likita ke tsara magani, amma horar da ma'aikaciyar jinya da ladabtar da ita na hannun shugabar ma'aikatan jinya. An rufe asibitin a 1977, to sai dai har yanzu ana taƙaddama a kan iyakar ikon kowane ɓangare.

Sannu a hankali doka ta riƙa faɗaɗa ikon ma'aikatan jinya a Birtaniya. A 1919 aka kafa dokar yi musu rajista. Dokar 1992 ta ba wasunsu damar rubuta magunguna ƙalilan, kana a 2006 aka amince waɗanda suka sami horo na musamman su rubuta kusan kowane magani a fannin da suka ƙware, duk da adawar ƙungiyar likitocin ƙasar. Saboda haka a asibitoci irin su na Sarauniya Elizabeth da ke Woolwich, wanda aka buɗe a 2001, ƙwararren ma'aikacin jinya na iya duba majinyaci, ya tura shi gwaji, ya rubuta masa magani.

Wannan iko yana tafe da alhaki. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma, wadda ta fara aiki a 2002, tana iya soke rajistar wanda ya yi sakaci, kuma cewa umurnin likita aka bi ba ya wanke mutum daga laifi. Ga shi kuwa ma'aikacin da majinyata suka yi wa yawa ba ya samun sukunin nazari kafin yanke shawara. Ƙarancin ma'aikata da batun albashi ne suka haddasa yajin aikin Disamban 2022.

Lamarin ya shafi Nijeriya, wadda dubban ma'aikatan jinyarta suka koma aiki a Birtaniya. Cikin buƙatun da ƙungiyarsu ta gabatar a yajin aikin Yulin 2025 har da kafa musu sashe na kansu a ma'aikatar lafiya ta tarayya, alamar cewa bayan albashi suna neman a riƙa damawa da su wajen yanke shawara.