RA'AYINMU: A koya wa yaran Gaya umurnin na'ura da ruwansu da shinkafarsu

Tun shekarar 2014 da gwamnati ta kafa Jami'ar Doso, aka kuma ɗora mata nauyin fasahar zamani, maganar koyon rubuta umurni ga kwamfuta ta daina zama zancen ƴan Yamai kaɗai. Ta iso jihar Doso, kuma wajibi ne ta gangara har Gaya. Abin da ya rage shi ne a san da me za a koyar, da kuma wane harshe. Ra'ayin wannan shafi shi ne a yi darasin farko da ƙididdigar da ke kwance cikin littattafan ma'aikatun Gaya, a kuma yi bayaninsa da harshen da ɗalibi ke cin kasuwa da shi.

Gaya ba ta rasa abin ƙidaya ba. Tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a ƙasarmu, wajen milimita 800 a shekara. Ga shinkafar fadamun bakin kogin Isa, ga rake da rogo, ga giginyar Dallol Mawuri da gishirin Foga. Ga kuma iyaka biyu, ta Malanbil a Benin da ta Kamba a Najeriya, inda sefa da naira ke cuɗanya a hannu ɗaya. Kowace rana akwai ma'aikacin da ke rubuta lamba a littafi, amma kaɗan ne daga cikin lambobin nan ake sake buɗewa a tambaye su wani abu.

Kada masu karatu su tsorata da sunan darasin. Abin da littattafan Faransanci ke kira «variable» rumbu ne da aka laƙaba wa suna: sunan yana nan, abin da ke ciki kuwa yana canzawa da kaka da bazara. Wanda ya riƙe littafin ƙungiyar manoma bayan ya gama yaƙi da jahilci ya daɗe da sanin wannan, ko da ba a taɓa faɗa masa ba.

Inda aikin yake shi ne sanin irin abin da aka zuba a rumbun. Na'ura tana bambanta lamba cikakkiya, kamar yawan buhuna, da lamba mai ɓari, kamar milimita goma sha biyu da rabi. Tana bambanta su duka da rubutu, kamar sunan ƙauye, da kuma amsar i ko a'a, kamar ko manomi ya biya kuɗin ruwa. Lambar talho lamba ce ga ido, amma rubutu ce ga na'ura, domin ba mai hankalin da zai tara lambobin talho biyu ya nemi jimla. Makarantunmu sun koya mana rubuta 12,5 da waƙafi, alhali yawancin harsunan na'ura ɗigo suke so. In ba a kula ba, sai na'urar ta ɗauki adadin a matsayin kalma, ta ƙi lissafa shi. Haka nan mai tattara farashi da ya ji «dala ashirin» a kasuwa ya rubuta 20, wani kuma a wata kasuwa ya rubuta 100, su biyun gaskiya suka faɗa, amma wanda ya haɗa su ya yi ƙarya. Tiya da kilo ma haka. Wannan kuskure ba na talaka kaɗai ba ne: a 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Maris, saboda ƙungiya ɗaya ta yi awo da ma'aunin Ingilishi, ɗayar kuma da ma'aunin mita.

Mafi haɗari duka shi ne ranar da ba a auna ba. In mai duba ma'aunin ruwa ya yi tafiya, washegari ya cika gurbin da sifili, to ya shaida cewa ba a yi ruwa ba, alhali bai sani ba. Harshen R, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Okland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, kuma ake samunsa kyauta, ya ware alama ta musamman, NA, domin abin da ba a sani ba, kuma ba ya ba da jimla sai an gaya masa yadda zai yi da gurbin. Manyan ma'aikata su lura da kyau: da irin waɗannan lambobi ne ake yanke wane yanki ya yi giɓin cimaka, wane ƙauye za a kai wa hatsi mai rahusa. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, bayan babban fari, ba ta iya gyara abin da aka ɓata tun daga ƙauye.

Sai jeri, wato lambobi iri ɗaya da aka ɗaure da suna ɗaya, kamar ruwan kwanakin watan Agusta. Amfaninsa a fili yake: umurni ɗaya, a ce a ninka da 5, ya mai da farashin kasuwanni ɗari daga dala zuwa tamma. Sharaɗinsa kuwa mai tsanani ne, domin a harshen R kalma ɗaya ta faɗa cikin jerin lambobi, sai dukansu su koma rubutu.

Mun san abin da wasu za su ce: ina na'urorin, ina wutar? Tambayar tana da tushe, kuma ba wanda ya manta yadda Najeriya ta katse mana lantarki a watan Agusta na 2023. Amma makonnin farko na wannan darasi allo da alli suke bukata, da shafi ɗaya na littafin ruwa. Yaron da ya iya ware lamba da rubutu a kan allo, ranar da ya zauna gaban na'ura rabin aikinsa ya ƙare. Wanda aka fara masa da misalin farashin jirgin ƙasa na Turai kuwa, haddar aku zai yi.

Batun harshe ma ya sami mafita a doka. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kalmomin umurnin na'ura kaɗan ne, a bar su yadda suke. Bayaninsu ne za a yi da Hausa, da Dandanci da Zabarmanci inda ɗalibai suka fi jin su, kamar yadda Gaya ta saba.

Saboda haka muna kira ga hukumomin gundumar Gaya, da ma'aikatar hasashen yanayi, da ta noma, da hukumar ONAHA mai kula da fadamun shinkafa, da su kwafi littattafan ruwa da na girbi na shekarun baya, su cire sunayen mutane, su miƙa wa malaman lissafi na kwaleji da lise. Jami'ar Doso kuma ta karɓi waɗannan malamai lokacin babban hutu ta horar da su, a sa magatakardan ƙungiyoyin manoma a aji ɗaya da su, tun kafin damina mai zuwa ta faɗi.