Kashe sassan saba ba zai sa shafin rajista gudu ba

Duk lokacin rajistar ɗalibai, shagunan intanet na Tudun Wada a Zariya kan cika maƙil, musamman na kusa da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello. Shafi ya ƙi buɗewa, mai shago ya sha zagi, alhali matsalar tana can a sabar da ke ɗauke da shafin. Shawarar da ake yawan ji daga matasa masu kula da irin waɗannan na'urori ita ce a kashe duk sashen manhajar saba da ba a amfani da shi, wai sai ta yi gudu.

Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan ce. Manhaja kamar WildFly tana zuwa da sassa da yawa, har da na aika saƙonni tsakanin manhajoji wanda ƙaramar makaranta ba ta buƙata. Cire su yana rage cin ƙwaƙwalwa, yana kuma sa saba ta tashi da wuri. Ga ofishin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai sashen da ke zaune ba aiki ba ya cinye ƙarfin na'ura. Idan ɗalibai dubbai suka afka wa shafi lokaci guda, abin da ke shaƙe shi yawanci rumbun bayanai ne da ba a tsara bincikensa da kyau ba, ko ƙarancin layukan shiga rumbun, ko intanet mai rauni. Ko an kashe sassa goma, layin mutane a shago yana nan.

Ribar da ta fi tana wajen tsaro. A watan Fabrairun 2020 aka bayyana raunin da aka laƙaba wa Ghostcat a manhajar Tomcat: wata ƙofa mai lamba 8009 da ke zuwa a buɗe, wadda da yawa ba su ma san da ita ba, tana ba masu kutse damar karanta fayilolin saba. Daga baya masu Tomcat suka mayar da ita a rufe tun daga farko. A sabar makaranta, bayan irin wannan ƙofa akwai sunayen ɗalibai, lambobin NIN da bayanan kuɗin makaranta.

Don haka shugabannin makarantu da asibitocin Zariya su sa a rufe abin da ba a amfani da shi. Amma ɗan kwangilar da ya zo da wannan a matsayin maganin nauyin shafi, a nemi ya nuna daƙiƙa nawa shafin ke ɗauka kafin aikinsa da bayansa, a ranar da rajista ta fi cunkoso, kafin a biya shi.