Waƙoƙin Iyayenmu Mata Na Tafiya, Mu Kama Su Tun Da Sauran Lokaci



Da yawanmu mun tashi a Kafanchan muna jin kakanninmu mata suna waƙa a bakin dutsen niƙa. Ba ganga, ba kalangu, sai murya da ƙarar dutse. A ciki mace ke faɗin abin da ba za ta iya faɗa a tsakar gida ba: kishiya, rashin haihuwa, ɗan da ya bi jirgin ƙasa ya tafi Kudu bai dawo ba. Injin niƙa ya zo ya sauƙaƙa wahala, mun gode Allah, amma ya tafi da waƙoƙin. Yau a unguwanninmu mata nawa ne za su iya rera ko guda ɗaya har ƙarshe?

Wani zai ce waƙar baƙin ciki ba ta da kasuwa, matasa kiɗan rawa suke so. Mu duba ƙasar Finland a arewacin Turai. Masu jin harshensu ba su wuce miliyan 5 da ɗoriya ba, ko kusa da yawan Hausawa ba su kai ba. Wani likita, Elias Lönnrot, ya bi ƙauyuka yana rubuta waƙoƙin tsofaffi, ya buga su a littafin Kalevala a 1835. A 1983 makarantar kiɗa ta Sibelius da ke Helsinki ta buɗe sashen kiɗan gargajiya. Shi ya sa har yau matasansu ke fitar da faifan waƙoƙi masu sanyin jiki cikin harshensu, da molonsu da suke kira kantele, ana saurare a ƙasashen da ba a jin ko kalma ɗaya.

Mu ma muna da shaida a gida. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi waƙar karen mota da sauran talakawa, kuma har gobe ana jin sa.

Akwai wata gaskiya da ya kamata mu faɗa wa kanmu. A kudancin Kaduna Hausa ce harshen kasuwa, har da coci-coci da dama. Maƙwabtanmu Fantswam, Kaninkon, Bajju, Atyap, Kagoro da Jaba suna kukan 'ya'yansu na barin harsunansu. Bikin Afan na Kagoro a ranar 1 ga Janairu da Tuk Ham na Kwoi suna riƙe kiɗan fili, amma waƙar reno da ta makoki a ɗaka suke, su ne ke fara ɓata. Asararsu da tamu iri ɗaya ce. Garin da ya ga rikicin 1987 da na 2011 yana bukatar aikin da zai zaunar da mu a tabarma guda.

Shawararmu ita ce kowa ya ɗauki wayarsa ya je wurin tsohuwar gidansu. A nemi izininta, a naɗi muryarta, a rubuta sunan waƙar da garin da ta koye ta. Ɗalibanmu na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya su taimaka da rubutawa. Mawaƙanmu matasa kuma su ɗora mata gurmi ko sarewa, kada su binne muryar da na'ura.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wanda ya naɗi wata, ya turo mana nan. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa na raye lafiya.