Sunan da Kunya ta Ɓoye

Idan tsohuwa ta rasu a Fagge, kowa ya san yadda ake yi. A yi mata sutura, a kai ta makwancinta, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sa'an nan a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Miji ya yaba haƙurinta, 'ya'ya su yi kuka, jikoki su rasa mai yi musu tatsuniya. Amma bayan shekara goma, in aka ce wa jikan nan ya faɗi sunanta na yanka, sai ya kama sosa ƙeya. Iya ya sani, ko Inna, ko Hajiya Babba.

Kunya ce ta jawo haka. Ɗa ba ya kiran sunan mahaifiyarsa gatsal, kuma ko an mayar wa jika sunan, sai a sakaya shi da Ummi ko Mama. Lalle wannan ladabi ne mai kyau, amma yakan sa a binne mace tare da sunanta da labarinta.

Fagge kuwa tun asali zangon fatake ce a bayan ganuwa, inda ayarin raƙuma ke sauka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913, baƙi suka yi ta kwararowa daga Kudu. Littattafan da suka ba da wannan labari cike suke da sunayen sarakuna da attajirai da 'yan siyasa. To, wa ya tuƙa tuwon da fatoma ya ciyar da baƙinsa? Wa ya daka furar? Matan da ke cikin kulle su ne suka soya ƙosai da ƙuli-ƙuli, suka matse man gyaɗa, suka ɗora wa yara talla zuwa kasuwar Sabon Gari. Da ribar nan suka zuba adashi, suka yi wa 'ya'ya mata kayan ɗaki, wasu har suka ba 'ya'ya maza jarin da suka fara kasa yadi a Kantin Kwari.

Wani zai ce addu'a ta ishi mamaci, sauran duk surutu ne. Gaskiya ne babu abin da ya fi ta amfani a gare shi. Amma tarihi na masu rai ne, kuma ba ya hana addu'a. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa mata 'yan'uwanta da ƙawayenta marsiyya, ta ambaci halayensu, ta roƙa musu gafara a cikin waƙa guda. Haka kuma wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da Baba ta Karo a Giwa tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga shi da Turanci a 1954. Ba domin wannan zama ba, da yau babu wanda ya san Baba ta taɓa zuwa duniya.

Saboda haka aiki ya hau kan ɗaliban Hausa. Wanda duk yake da kaka a raye, ya kamata ya durƙusa gabanta da biro da takarda, ko wayar da ke aljihunsa, ya tambaye ta sunanta da na uwarta, da garin da iyayenta suka taso, da sana'arta, da waƙoƙin niƙa da na daɓe da ta sani. Matan da suka yi wayo lokacin rikicin Kano na 1953, suka ga abin da ya auku tsakanin Fagge da Sabon Gari, yau sun kai shekara 80 ko sun haura, kuma kullum raguwa suke yi. In kunya ta so ta hana tambaya, sai a tuna cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Allah ya jiƙan iyayen da suka rigaya, ya ƙara wa na raye lafiya, amin.