Jinin Fim Da Jinin Gaske

Yau dai sai kun yi haƙuri da ni, don akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kwanan baya na leƙa gidan wata ƙawata a nan Jahun da la'asar sakaliya, na tarar ita da ƙannen mijinta sun haɗa kai a kan waya ɗaya, miya tana ƙauri a murhu. Me ake kallo? Wai wani fassararren fim da aka turo musu daga shagon caji, na wani ƙato mai bin 'yanmata yana yankawa ɗaya bayan ɗaya. 'Yarta 'yar shekara shida tana leƙe ta bayan kafaɗa. Na ce, "Haba ƙawata!" Ta ce, "Ke dai bari, ai fim ne."

To, tunda fim ne, mu ɗora shi a kan sikeli. A harbi mutum sau uku, ya zubar da jini cikin kwano, ya miƙe da gudu kamar bai ji komai ba! Wa za a raina wa hankali? Duk wadda ta taɓa jinya a ɗakin haihuwa na asibitin Jahun, inda Likitocin Na-gari Na-kowa suke aiki tun 2008, ta san yadda jini kaɗan yake kayar da mace. Sannan yarinya ta ji motsi a ɗaki mai duhu, ba ta kira kowa ba, ta shiga ita kaɗai. Wace 'yar ce za ta yi haka a unguwarku?

Su ma manyan finafinan Amurka haka suke. A cikin Seven na 1995, wai makashin ya ɗaure mutum a gado shekara guda cur, ba maƙwabcin da ya ankara. A ƙarshe aka kawo wa ɗan sanda kan matarsa, mai juna biyu, a cikin kwali. Shi kuwa Saw ya fara a 2004, makashin ya mutu tun a kashi na uku, amma aka yi ta jan labarin har kashi na goma a 2023. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In dabara ta ƙare wa mai tsara labari, sai ya cike gurbin da jini. Jinin wa? Galibi namu ne, mata.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ana nuna mana makashi a matsayin gwani mai basira, 'yan sanda kuwa sakarkaru, har ki ji yarinya tana cewa ya burge ta. A zahiri fa? Wani Gracious David-West ya yi ta kashe mata a otal-otal na Fatakwal a 2019. Na'urar ɗaukar hoto ta otal ce ta tona masa asiri, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2020. Ina gwanintar?

Ku tuna kuma da yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a Kano a ƙarshen 2021. Wanda ya kashe ta bai rufe fuska ba, bai zo da tsakar dare ba. Mai makarantar da take karatu ne, ta san shi, shi ya sa ta bi shi. A 2022 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Fim yana koya mana tsoron dodo, alhali da ɗan gari akan ci gari.

Ban ce kada a yi kallo ba, kowa yana son nishaɗi bayan aikin gida. Amma 'yar'uwa, kuɗin turin nan daga cefanenki ya fito, kina da ikon cewa ba ki so. Ki duba abin da ke cikin wayar kafin ki miƙa wa yaro. Lokacin da kike ɓatawa kina ƙirga gawarwakin ƙarya, ki zaunar da 'yarki ki tambaye ta wa yake rako ta daga makaranta, wa yake ba ta alawa. Zuciyar da ta saba ganin yanka tana cin gyaɗa, ranar da aka ce an tsinci gawa a bayan gari, hoto za ta fara nema.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, amin.