Watsa Wa 'Yan Tsaki Hatsi Ba Ɓarna Ba Ne

A ƙauyukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, safiya takan fara ne da buɗe akurki. Uwargida ta watsa tsaki a tsakar gida, kaza ta fito da 'ya'yanta suna rububi. Amma tun da hatsi ya yi tsada, wasu magidanta suka fara ƙorafi: ita kaza tone-tone ne abincinta, a bar ta ta nema da kanta. Wannan lissafin dokin Rano ne, domin abin da ake asara ya fi abin da ake tattalawa.

Kaza takan yi kwana 21 a kan ƙwai, ta fito da 'ya'ya goma ko fiye, amma sau da yawa kaɗan ne ke kai girman sayarwa. Shirwa ta ɗauka, sanyi ya kashe, wasu su bi uwarsu gona su ɓace a ciyawa. Ɗan tsakon da ya saba samun ɗan abinci safe da yamma, a wuri ɗaya, da kira iri ɗaya, ba ya nisa da gida, kuma kafin magariba ya dawo akurki da kansa. A lokacin ne mai kiwo za ta ƙirga su, ta ga wanda ya saki fukafukai ko ya ƙi ci, ta ware shi tun da wuri.

Babban amfanin sabon yana fitowa ne da hunturu, lokacin da annobar Newcastle ke share kajin unguwa cikin 'yan kwanaki. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar rigakafin cutar, har da nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗiga wa kowace kaza a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. To ta yaya za a ɗiga wa kazar da ke kwana a kan bishiya, wadda sai yara sun kewaye gida da gudu kafin a kama ta? Rigakafi ya fi magani, amma sai kazar ta kamu tukuna.

Sai dai tsaki kaɗai ba ya gina jiki. Masara, wadda Doguwa da Tudun Wada suka yi fice wajen nomanta, sinadarin gina jiki da ke cikinta bai wuce kusan kashi 9 cikin 100 ba, alhali ɗan tsako na buƙatar kusan kashi 20. Iyaye da kakanni sun san maganin wannan: a zuba busasshen kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da suri, washegari a juye wa 'yan tsaki garar da ta taru. Ana iya haɗawa da tunkuza ko garin waken suya, amma sai an soya waken, domin ɗanyensa na hana narkewar abinci. Masarar da ta yi funfuna da ragowar abinci mai gishiri kuwa cuta ne, ba gata ba. A ajiye musu ruwa mai tsabta a faranti marar zurfi, don kada su nutse.

Masu cewa kazar da ta saba da mutane ta fi sauƙin sata suna da gaskiyarsu. Amma ɓarawo ya fi samun wadda ke kwana a waje fiye da wadda aka rufe.

A gidaje da yawa kaji ne asusun mace. Su ake kamawa a kai kasuwa, ko a tare dillalai a Kwanar Dangora, idan yaro ya kwanta ciwo ko makaranta ta nemi kuɗi. Saboda haka ya kamata sassan noma na waɗannan ƙananan hukumomi huɗu su kai rigakafi ƙauyuka kafin sanyi ya shigo, su kuma koya wa mata yadda ake ɗigawa. Magidanta kuma su daina ganin ƙyashin tafin hannu ɗaya na hatsi. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Haka ne, amma sabon ne ke sa ta rayu har ta kai ranar yankan.