Daga Ɗakin Gwaji: Kwamfuta Ba Ta San Datti Ba

Ranar da muka fara ɗaukar hoton jini a maikiroskof da wayar hannu, murna kamar me. Da muka ba kwamfuta ta ƙirga mana ƙwayoyin maleriya, sai ta kawo adadin da ya zarce abin da idonmu ya gani nesa ba kusa ba. Ashe gutsattsarin rinin Giemsa, ƙurar gilashi, da ɗige-ɗigen da kyamara kan haifar idan haske ya yi ƙaranci, duk ta haɗa ta ƙirga.

Manhajar ImageJ muke amfani da ita, kyauta ce, daga cibiyar NIH ta Amurka. Tana da matata mai suna Median: takan dubi kowane ɗigo da maƙwabtansa, ta jera haskensu, ta ɗauki na tsakiya. Ɗigon da ya fita zakka sai ya ɓace, gefen ƙwaya kuwa bai cika dusashewa ba. Dattin rini dai ya fi ƙarfinta, shi sai a tace rinin tun kafin a zuba.

Amma fa a yi hattara. Falsifarum tana ƙarama 'yar zobe ce siririya a cikin jar ƙwayar jini. Da muka ƙara faɗin matatar don hoto ya yi kyau, zobban suka bi dattin. Jinin mara lafiya ya koma na lafiyayye a allo!

Yanzu mukan adana hoton asali, mu tace duka da awo ɗaya, mu rubuta awon a littafi, sannan mu ƙirga wasu da ido mu kwatanta.